Tambaya da Amsa: Lambobin Yabon da Ba Su Fito a Takardar Sallamar Soja Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen zangon Kumasi ne, amma na daɗe da zama a Amurka. Na shiga rundunar sojan ƙasa ta Amurka a 2004, na yi aikin tuƙa manyan motocin dakon kaya a Iraƙi daga 2006 zuwa 2007, aka sallame ni cikin mutunci a 2008. Ranar da aka miƙo mini takardar sallama ta DD 214 hankalina yana kan iyalina, don haka na sa hannu ban tsaya karantawa ba. Kwanan baya ɗana ya ɗauko ta, muka tarar da cewa lambar yabo ta Army Commendation Medal, wadda kwamandanmu ya maƙala mini a gaban jama'a kafin mu dawo, ba ta ciki, alhali takardar shaidarta tana rataye a falona. Na kuma ji daga abokan aiki cewa an ba bataliyarmu lambar yabo ta ƙungiya bayan na bar aiki. Abin da ya fi damuna shi ne, wata rana bam ɗin da aka binne a gefen hanya ya tashi dab da motata, na suma, aka kai ni wurin ma'aikatan lafiya, aka hana ni tuƙi har kwana uku. Abokina da ɓaraguzai suka yanka a hannu ya sami Purple Heart, lambar da ake ba sojan da ya ji rauni a harin abokan gaba, ni kuwa ba a ba ni ba domin ban zubar da jini ba. Sajenmu ya ce ya rubuta sunana don lambar jarumta, saboda bayan na farfaɗo na taimaka wajen fito da mutanen da ke cikin motar gabana, amma ban sake jin labarin ba. Shin lokaci ya ƙure mini? Kuma ta ina zan fara?

Wani mai karatu, Bronx, New York

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Lokaci bai ƙure maka ba, kuma sa hannun da ka yi a 2008 bai rufe ƙofar gyara ba. Sai dai abubuwan da ka lissafa ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ya fi ɓata wa tsofaffin sojoji lokaci shi ne su dunƙule komai cikin wasiƙa ɗaya su aika wa ofishi ɗaya, su zauna jira. Akwai lambar da aka ba ka aka manta rubutawa, akwai wadda ka cancanta bisa ƙa'ida amma ba wanda ya tsaya ya cika mata takarda, akwai kuma wadda ba za ta zama taka ba sai wani babba ya auna aikinka ya amince. Ta farko gyaran kuskuren magatakarda ne kawai, ta ƙarshe kuwa neman sabon hukunci ne a kan abin da ya faru shekaru da yawa da suka wuce, don haka nauyin hujjar da kowacce take bukata ya bambanta ƙwarai.

Kafin ka rubuta wa kowa, nemi cikakken fayil ɗinka na aiki, ba takardar sallama kaɗai ba. Tunda an sallame ka bayan watan Oktoba na 2002, fayil ɗinka yana cikin kwamfuta, ƙarƙashin sashen kula da ma'aikata na rundunar sojan ƙasa da ke Fort Knox a jihar Kentucky, kuma kana iya neman sa ta shafin intanet na hukumar tsaron Amurka mai suna milConnect ko ta hanyar cika fom SF 180, ba tare da ka biya ko sisi ba. Ka nemi fayil ɗin asibitinka na lokacin aiki daban. Idan sun zo, ka ajiye DD 214 a gefe, ka duba gurbi na 13, inda ake jera lambobin yabo, da gurbi na 18, inda jerin yake ci gaba idan wuri ya ƙare kuma inda ake rubuta kwanakin da soja ya yi a fagen daga, sannan ka bi su layi bayan layi kana gwadawa da abin da ke cikin fayil.

Lambar da ke rataye a falonka ita ce mafi sauƙi. Ciro takardar daga gilashin ka duba ƙasanta, za ka ga lambar odar da aka bayar da ita, da kwanan wata, da sunan hedikwatar da ta fitar. Wannan ɗan layin ya fi hoton bikin da ƙarfen lambar kansa daraja a idon ma'aikaci, domin a tsarin soja oda ce take tabbatar da lamba. Ka aika kwafin takardar, da kwafin fom DA 638, wato takardar da ake cikawa don ba da shawarar a ba soja lamba, idan yana cikin fayil, zuwa sashen lambobin yabo na Fort Knox, ka nemi a shigar da ita. Idan sun gamsu, za su ba ka takardar gyara mai suna DD 215 ko su sake fitar maka da sabuwar takardar sallama. Haka lambar bataliya take: irin waɗannan lambobi sukan ɗauki shekaru kafin a amince da su, shi ya sa ba sa fitowa a takardun waɗanda suka riga suka tafi. Abin da za ka nuna shi ne odar da ta ba bataliyar lambar, wadda take ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa, da kuma shaidar cewa kana cikin bataliyar a tsakanin waɗannan ranaku.

Akwai abubuwa biyu da ba ka ambata ba, waɗanda nake so ka duba. Lambar yaƙin Iraƙi tana tafiya da taurari gwargwadon zangunan da aka raba yaƙin, kuma wani sabon zango ya fara ranar 10 ga Janairun 2007, saboda haka idan zamanka ya ratsa wannan rana, taurari biyu ka cancanta. Na biyu kuma shi ne bajen Combat Action Badge, wanda aka ƙirƙiro a 2005 musamman domin sojojin da ba dakarun gaba ba ne, irinku direbobi da makanikai, waɗanda abokan gaba suka kai wa hari suna bakin aiki. Wanda bam ya tashi dab da motarsa yana da hujjar nemansa, kuma takardun da za ka tara don Purple Heart su ne za su yi maka aiki a nan.

A kan Purple Heart zan daɗe, domin a ganina nan ne haƙƙinka ya fi ƙarfi, kuma nan ne jinkiri zai fi cutar da kai. Wannan lamba ba ta dogara da ra'ayin kwamanda kan ko ka yi bajinta ba, sharuɗɗa ne da ita guda uku: raunin ya samo asali daga harin abokan gaba, ya kai matsayin da yake bukatar kulawar likita, kuma an rubuta kulawar a takardun hukuma. A shekarun da ka yi a Iraƙi, kwamandoji da yawa ba sa ɗaukar jijjigar ƙwaƙwalwa a matsayin rauni idan ba su ga jini ba, kuma an zalunci mutane da dama ta wannan hanya. A 2011 aka fayyace ƙa'idar, aka kuma ba waɗanda aka hana a baya damar sake nema. A ƙa'idar rundunar sojan ƙasa, jijjigar da ta sa soja ya suma, ko ta sa aka hana shi cikakken aiki fiye da awa 48 saboda alamun ciwon da suka ƙi tafiya, tana iya cancantar da shi. Kai ka ce ka suma, ka kuma ce an hana ka tuƙi kwana uku. Har bayan harin makamai masu linzami da Iran ta kai sansanin Al Asad a Janairun 2020, an sami sojoji da dama masu irin wannan rauni da ba a amince musu da lambar ba sai a ƙarshen 2021, bayan an sake duba takardunsu.

Inda gizo yake saƙa shi ne sharaɗi na uku. Ka bincika fayil ɗin asibiti ka nemo shafin ranar da abin ya faru ko kwanakin da suka biyo baya, sau da yawa a kan fom SF 600, wato takardar rubuta jinyar soja, ake rubuta shi, wani lokaci layi huɗu ne kacal da rubutun hannu mai wuyar karantawa: ciwon kai, jiri, ƙarar kunne, hutun kwana kaza. Wannan shafin ya fi duk wani binciken da likita zai yi maka yau amfani, domin abin da ake nema shi ne shaidar lokacin, ba ta bayan shekaru ba. Idan ƙaramin ma'aikacin lafiya na fagen daga ne kaɗai ya duba ka, za a bukaci bayanin likita cewa raunin ya kai wanda likita zai duba da yana kusa. Ka haɗa da bayaninka na shafi ɗaya mai ɗauke da rana da wuri da yadda abin ya faru, da odar da ta tura ka Iraƙi, da rubutacciyar shaidar mutum biyu da suka gani da idonsu. Abokinka da aka yanka a hannu shaida ne mai daraja biyu, domin odar lambarsa tana tabbatar da cewa an kai hari a wannan rana a wannan wuri. Ka roƙi shaidun su rubuta abin da suka gani kawai, da kalmominsu, ba yabonka ba. Takarda biyu masu kalmomi iri ɗaya sak sukan sa mai dubawa ya yi shakka.

Kada wani ya ce maka wannan neman suna ne. Mai Purple Heart yana shiga rukuni na uku na fifiko a asibitocin ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, wanda ya same ta a kan raunin da ya faru daga 11 ga Satumban 2001 zuwa yau kuma yana da cikakken tallafin karatu na tsofaffin sojoji. Purple Heart da bajen Combat Action Badge da na ambata ana karɓar su a matsayin shaidar cewa mutum ya fuskanci yaƙi idan ya nemi diyyar lalurar da yaƙin ya bar masa.

Lambar jarumta ita ce mai wuya, kuma ba zan ɓoye maka ba. A rundunar sojan ƙasa, ana so shawarar bayar da yawancin lambobi ta shiga hannun hukuma cikin shekara biyu da yin aikin. Bayan wannan wa'adi, hanyar da ta rage ita ce sashe na 1130 na kundi na 10 na dokokin Amurka, wanda ya ba ɗan majalisar dokokin tarayya ikon neman runduna ta duba shawarar da ta makara. Ɗan majalisar ba ya bayar da lamba, miƙawa kawai yake yi, kuma kai ba za ka iya ba da shawarar a ba ka da kanka ba. Sai an sami wanda ya san abin da ya faru, kamar sajen naku, ya cika DA 638, a nemo kwamandojin wancan lokaci su rubuta ra'ayinsu, ko a nuna ƙoƙarin da aka yi na neman su, a haɗa da shaidun gani da ido da rahotannin bataliya. Yana yiwuwa, amma yana cin shekaru. Kyaftin Paris Davis, ɗaya daga cikin baƙaƙen hafsoshi na farko a dakarun musamman, an rubuta sunansa don lambar girma mafi daraja ta Medal of Honor saboda abin da ya yi a Biyetnam a 1965, takardun suka ɓace har sau biyu, bai karɓe ta ba sai a watan Maris na 2023, bayan wasu masu sa kai sun sake tattara hujjojin daga tushe. Shawarata ita ce ka nemi sajen tun yanzu ka ji ko ya ajiye kwafin abin da ya rubuta, amma kada ka bar wannan ta riƙe sauran buƙatunka.

Idan Fort Knox suka ƙi amincewa da wani abu, a nan ne za ka tafi ga kwamitin gyaran takardun aikin soja, ta hanyar fom DD 149. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa irin waɗannan kwamitoci a 1946, domin ta huta da zartar da doka a kan kowane soja ɗaya da aka yi wa kuskure, kuma mambobinsu manyan ma'aikatan farar hula ne. Kwamitin yana so ka fara gwada ƙananan hanyoyi, don haka ka ajiye wasiƙar ƙin amincewar ka haɗa da ita. Doka ta ba da shekara uku daga ranar da mutum ya gano kuskuren, amma ta bar wa kwamitin ikon yafe jinkiri idan adalci ya bukaci haka, kuma fom ɗin yana da gurbin da za ka bayyana dalilinka. Ka faɗi gaskiya kamar yadda ka faɗa mini. Ka sani cewa kwamitin yana farawa ne da ɗaukar cewa takardun hukuma daidai suke, kuma ba ya fita neman hujja a madadinka, abin da ka sa a cikin ambulan shi za su karanta. Doka ta nemi su kammala kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafe cikin wata goma, sauran kuma cikin wata goma sha takwas, ko da yake jira yakan zarce haka idan aiki ya taru.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mutanenmu, wato rubutun suna. Wanda fasfonsa ya ce Muhammadu, takardar soja ta ce Mohammed, shaidar zama ɗan ƙasa kuma ta zo da wani salon, ya kamata ya haɗa da takardar da ta nuna duk mutum ɗaya ne, ya kuma yi amfani da sunan da ya yi aiki da shi a kan kowane fom. Kada ka aika asalin kowace takarda, kwafi kawai. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW da DAV suna da jami'an da ke taimakawa a kan wannan aiki kyauta, don haka ba ka bukatar biyan wani ɗan tsakani. Kuma har sai gyaran ya fito a rubuce, kada ka sa Purple Heart a takardar neman aiki ko neman wani tallafi, domin dokar 2013 ta mayar da iƙirarin ƙarya na irin wannan lamba don samun abin duniya laifin da ke iya kai mutum kurkuku har shekara ɗaya, kuma bai kamata mai gaskiya ya jefa kansa cikin zargi ba.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni Bakatsiniya ce, ina aure a jihar Maryland. Surukina, mahaifin maigidana, baƙar fatar Amurka ne da ya yi yaƙin Koriya a rundunar sojan ƙasa, ya kuma rasu da daɗewa. Surukata, wadda tsufa ya kama yanzu, tana yawan cewa an harbe shi a ƙafa amma ba a taɓa ba shi lambar komai a kai ba. Maigidana ya rubuta neman fayil ɗinsa, aka amsa masa cewa ya ƙone a gobara. Ko akwai sauran abin yi, kuma wa ke da ikon nema tunda mai haƙƙin ba ya raye?

Wata mai karatu, Maryland

AMSA

Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya saka miki da kula da surukarki. Gobarar gaskiya ce. Ranar 12 ga Yulin 1973 wuta ta kama ma'adanar takardun ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama daga Nuwamban 1912 zuwa farkon 1960, kuma babu kwafinsu a wani wuri. Amma ƙonewar fayil ɗin mutum ba ta nufin duk wata takarda mai ɗauke da sunansa ta ƙone. Kowane kamfanin soja yana da rahoton safiya, inda ake rubuta wanda ya zo da wanda ya tafi da wanda aka kai asibiti, kuma waɗannan rahotanni na lokacin yaƙin Koriya sun tsira. Akwai kuma takardun biyan albashi na ƙarshe, da bayanan kwantar da sojoji a asibiti da aka tsamo daga ofishin babban likitan rundunar, waɗanda sukan nuna irin raunin da kuma ko a fagen daga aka same shi. Ma'adanar tana da fom NA 13075 da iyali suke cikawa domin a sake haɗa tarihin aikin mutum daga irin waɗannan guntaye, kuma abin da ya fi taimaka musu shi ne lambar aikinsa ta soja da sunan kamfani da bataliya da rejimantinsa.

Saboda haka aikin farko a gida yake. A duba akwatunan surukarki a nemo tsofaffin wasiƙun da ya aiko daga Koriya, domin adireshin da ke bayan ambulan yakan ƙunshi lambar aikinsa da sunan kamfaninsa. A nemi telegiram ɗin da hukuma takan aika wa iyali idan soja ya ji rauni. A duba tsofaffin jaridun garinsu. Sojojin wancan zamani da yawa sun kai takardar sallamarsu ofishin rajista na gundumarsu an ajiye kwafi, sai a tambaya a gundumar da ya koma bayan yaƙi. Idan ya taɓa neman magani ko diyya daga VA, fayil ɗin da suka buɗe masa daban yake, kuma sau da yawa yana ɗauke da takardun asibitin soja da aka aika musu tun kafin gobarar.

Game da ikon nema, surukarki ce a gaba a matsayinta na matar marigayin, sannan 'ya'yansa, kuma za a haɗa da shaidar rasuwa da shaidar aure ko ta haihuwa. Idan ba ta iya sa hannu, maigidanki zai iya nema da sunansa a matsayin ɗa, ke kuma ki taimaka da tattara takardu. Ko da ba a sami shaidar raunin nan take ba, ku nemi a duba duk lambobin da ya cancanta, domin akwai wadda Koriya ta Kudu ta ware wa waɗanda suka yi yaƙin, wadda Amurka ba ta amince sojojinta su karɓa ba sai a 1999, saboda haka ba za ta kasance a takardar sallamar da aka rubuta a shekarun 1950 ba. Tun surukarki tana iya ba da labari, ku zauna da ita ku rubuta abin da ta tuna na watan da aka harbe shi, da asibitin da aka kwantar da shi, da sunayen abokan aikinsa, domin da waɗannan ne ma'aikacin ma'adana zai san rahoton wane wata zai buɗe.